Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Na Riƙe Ƙararrawa

Makon jiya na tsaya ne a inda 'yan kulob ɗinmu na Rotaract, wato reshen matasa na ƙungiyar agaji ta duniya Rotary, suka ɗaga hannu suka ce ni suke so na ja su. Yau ga labarin shekarar kanta, daga 1 ga Yulin 2022 zuwa ƙarshen Yunin 2023. Haka tsarin Rotary yake a ko'ina: shekara guda shugaba ke yi, ya sauka.

A gida na fara shan tambaya. Baba ya rage muryar rediyo ya ce, "Ke, wannan abin naku mai tambari kamar giyar inji, ba irin ƙungiyoyin asirin nan ba ne?" Ban ga laifinsa ba, rabin unguwarmu kallon da suke yi mana ke nan. Na ce, "Baba, ai a nan Kano aka kafa kulob ɗin Rotary na farko a Nijeriya, tun 1961. Kuma tun 1985 suke zuba kuɗi a yaƙi da shan-inna." Ya yi shiru. Ƙanensa, Baffanmu, da sanda yake tafiya tun yarinta, kuma Baba bai manta da rigimar 2003 ba, lokacin da aka dakatar da ɗigon rigakafin a jihar nan. Can ya ce, "Allah Ya taimaka. Amma magariba ta yi miki a gida." Wannan sharaɗi shi ya sa na dawo da taronmu tsakanin azahar da la'asar, sai ga 'yan mata da dama da iyayensu suka hana zuwa a baya sun fara leƙowa.

A shekarar ce kuma Jennifer Jones 'yar Kanada ta zama mace ta farko da ta shugabanci Rotary ta duniya, shekara 117 bayan kafa ta. Samarin kulob suka riƙa tsokana ta da "Hajiya Jenifa". Na bar su, tunda suna biyan kuɗin wata.

Watannin farko ba wani abin labari. Yasar kwata da damina, tattakin ranar shan-inna a 24 ga Oktoba, hotuna da riguna iri ɗaya. Jarrabawar gaske sai da canjin kuɗi ya zo.

Mun yi alkawarin gyara tuƙa-tuƙar wata firamare da ta daɗe a mace, yara na tsallaka titi neman ruwa. Kuɗin na nan a asusu, amma a Fabrairun 2023 kuɗin asusu da babu duk ɗaya ne. Tsofaffin takardun 500 da 1,000 an ce sun daina aiki, sababbin kuwa sai dai a gan su a talabijin. Mai gyaran ya ce shi ba ya karɓar taransifa, domin masu sayar masa da roba da bututu tsaba suke so. Ma'ajinmu ya yi asubanci a layin banki, ya dawo da azahar fuska duk ƙura, hannu wayam. Wata dattijuwa mai sayar da ƙosai a ƙofar makarantar ce ta ji muna jajantawa. Ta kira ni ta ce, "'Yar nan, nawa ne abin?" Ta kwance bakin zaninta, ta zaro tsofaffin 200 da 100 da 50, duk sun jiƙe da mai, ta ƙirga a kan murfin roba. Ta ce in tura wa ɗanta kuɗin a waya duk ranar da sabis ya ga dama, ba ta son ko sisi a kai. A lokacin da masu POS ke yankar mutane son ransu ne fa. Ranar da ruwa ya fito ta ƙi shiga hoto, wai ita ba ta yi kwalliya ba. Har yau in na bi ta wajen sai na tsaya na gaishe da Inna.

Cikin wannan hali kuma ga mashaƙo ya ɓulla a Kano. Mu ba ma'aikatan lafiya ba ne, namu shi ne raka su gida-gida, mu riƙe kular allura, mu yi wa iyaye bayanin allurar penta, wato rigakafin da ke kare yaro har da daga mashaƙo, da ake yi wa jariri a sati 6 da 10 da 14. A nan na ga amfanin 'yan matan da sharaɗin Baba ya jawo mana: gidan da aka rubuta "ba a shiga", samari a zaure suke tsayawa, mu ne muke wucewa ciki. Uwargidan Mai Unguwa ita ke shiga gaba da sallama. Inda ta ce "tare muke" babu mai rufe mana ƙofa. Ina ganin da babu ita da ko rabin gidajen ba mu shiga ba.

Azumi ya kama a 23 ga Maris, muka yi ta kai kunu da dabino ga masu jinya. Ummata ce ke dama kunun, ba ta taɓa yarda mun biya ko kuɗin tsamiya ba. Daga 29 ga Mayu kuma aka cire tallafin mai, lita ta haura naira 500, kuɗin adaidaita ya ninka. Na zaci taro ya watse. Sai sakatarenmu ya tsara kowa ya ɗauko na kusa da shi, mai babur ya goyo mai ƙafa, muka ƙarasa shekarar a haka.

Babbar Sallah ta faɗo 28 ga Yuni, don haka da soyayyen naman layya muka yi bikin miƙa ragama. Na cire sarƙar shugabanci na rataya wa magajina, na ba shi ƙararrawar buɗe taro da littafin asusu da ba a bin mu ko kwabo. Baba da kansa ya zo, ya zauna a baya tare da Baffa, har ya yi addu'ar rufewa.

Abin da ban sani ba shi ne, a wajen taron nan yayan ma'ajinmu ya tambayi wane ne mahaifina, ya je ya durƙusa ya gaishe shi. Yadda ta kaya da wannan gaisuwa, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.