Ƙanin jariri a bakin ƙofa

Yau da asuba maƙwabcina a nan Yogyakarta, a tsibirin Java na ƙasar Indonesiya, ya binne mabiyiyar ɗansa da aka haifa jiya. Ya sa ta a 'yar tukunyar ƙasa, ya haƙa rami a dama da ƙofa tunda namiji ne, ya tsuguna. Da Bismillah ya fara, har na ɗaga hannu zan ce amin, sai ya zarce da Javananci ƙasa-ƙasa, yana kiran 'yan'uwan jaririn huɗu da suka zo duniya tare: ruwan faya shi ne wa, mabiyiya ƙane, sai jini da cibiya. Roƙonsu yake su tsare yaron dare da rana. Ya kifa kwando, ya kunna fitilar da za a riƙa kunnawa kowane dare har kwana 35.

Gaskiya raina bai kwanta da kiran wani bayan an ambaci Allah ba. Amma hannun mutumin nan rawa yake yi, wallahi, ɗansa na fari ne. Na kasa ganin komai a wurin sai uba mai tsoron kada wani abu ya taɓa masa ɗa.