Godiya daga wanda ya tsaya a kilomita ta 14

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, jiya likita ya ce in ajiye sanduna, in fara taka ƙafar dama a hankali. Sati takwas ke nan cif tun ranar da aka ɗauko ni daga gefen titi, lambar tsere na manne a ƙirjina. Na daɗe ina son rubuta wannan godiya, kunya ce ta riƙe mini hannu. Da bakina na yi shela a Facebook cewa zan yi gudu kullum har kwana 100 ba fashi, in rufe da tseren rabin famfalaki, wato kilomita 21 da 'yan mitoci. Kwana ɗarin na cika su da ɗingishi. Tseren kuwa ban ƙarasa ba.

Ni da na fi shekara goma ban yi gudun da ya wuce na tsere wa ruwan sama ba, rana ɗaya na sayi takalmi da agogo mai ƙirga taku, na ɗauka shi ke nan. A wajen kwana na 60 wani ɗan wuri a ƙwaurina ya fara magana. Faɗinsa bai fi kan babban yatsa ba. In na danna sai in ji kamar an soka mini allura. Na sa masa suna lalaci, na ɗora ƙanƙara, na haɗiyi maganin ciwo, na ɗaure igiyar takalmi na fita. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba a lokacin ita ce, ba lafiya nake nema ba kuma. Hoton da zan saka da safe nake wa gudu, da "sai kai, namijin duniya" ɗin da zai biyo baya.

Godiyata ta farko, bayan ta Allah, ga uwargida take. Ita ta fara lura ina hawa bene da ƙafa ɗaya, ina jan ɗayar. Sau uku tana cewa in je a duba, sau uku ina ce mata tsamin jiki ne. Ranar da abin ya faru ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, ko sau ɗaya, har yau. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Maman yara, Allah ya biya ki, ya bar zumunci.

Sai Yaya. Ana saura kwana biyu tseren ya kira ni ya ce in janye. Ni kuma na kawo masa labarin John Stephen Akhwari, ɗan Tanzaniya nan da ya faɗi ya ji rauni a gwiwa a gudun famfalaki na gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, amma ya ɗaure ƙafar ya ci gaba, ya shigo fili shi ne na ƙarshe, fiye da awa ɗaya bayan wanda ya zo na ɗaya. Wannan labari na haddace shi, shi nake karanta wa kaina duk sanda ƙwaurin ya motsa. Yaya ya bari na gama, sannan ya tambaye ni ko na san wa ya janye daga wannan tseren dai, a wannan ranar. Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci zinare ba takalmi a Rum a 1960, ya sake ci a Tokiyo a 1964. Ciwon ƙafa ya tsayar da shi tun ba a kai rabin hanya ba, ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ya lashe. Yaya ya ce, "Zakaran duniya ya san lokacin tsayawa, kai wa za ka burge?" Na yi dariya na kashe waya. Wanda bai ji bari ba dai, kun san sauran. Yaya, Allah ya ƙara girma, na karɓi laifina.

Akwai wani matashi cikin masu raba ruwa a hanya, ban samu sunansa ba. A kilomita ta 14 na ji ƙafar ta ƙi ɗaukata, na zube a kan dakalin titi, amma ina ƙoƙarin miƙewa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, zauna, an gama na yau." Ya tsuguna ya kwance mini igiyar takalmi, ya tsaya ya yi mini inuwa da jikinsa har motar asibiti ta iso. Na ji haushin kalmar "Baba" a lokacin, ni da nake ganin kaina ɗan tsere. In wannan saƙo ya kai gare ka, ɗana, na gode, Allah ya yi maka albarka.

Likitan da ya duba ni da malamar gashin ƙashi, su ma ina gode musu, musamman da ba su ɓoye mini komai ba. Ashe ƙashin ƙwaurina ne ya tsage. Hoton farko bai nuna tsagar ba, sai da aka yi na MRI, wato hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, kuma likita ya ce haka irin wannan tsagewa take, takan ɓuya a farkonta. Bayaninsa ya zauna mini. Zuciya da huhu da tsoka suna saurin sabawa da aiki, cikin 'yan makonni mutum zai ji numfashinsa ya buɗe, sai ya ɗauka duk jikin ya shirya. Ƙashi ya fi su jinkirin sabawa. Kowane gudu yana yi masa 'yan ƙananan raunuka, a ranakun hutu yake ɗinke su ya ƙara ƙarfi. Ni kuwa ranar hutun ce na haramta wa kaina, har ina alfahari da hakan. Ya kuma koya mini bambanci: tsamin jiki yakan bazu, ya lafa in jiki ya ɗumama. Ciwon da za ka iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya, wanda ke ƙaruwa in kana gudu, har ya bi ka shimfiɗa da dare, wannan ba a yi masa jarunta. Ya tuna mini cewa abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema ga baligi minti 150 zuwa 300 ne a mako na matsakaicin motsa jiki. Tafiya da sauri ma ta wadatar. Babu inda aka ce kwana ɗari ba fashi, ni na ƙirƙiro wa kaina.

Masu yaba mini a kullum, ba ku yi laifi ba, alheri kuka nufa, ni ne na ɓoye muku ɗingishin. Waɗanda suka zo dubiya, da waɗanda suka kira, da abokan aikin da suka ɗauke mini nauyi ba tare da na roƙa ba, Allah ya saka da alheri. Mutum biyu sun ce sun fara irin nawa saboda ni. Don Allah ku sa ranakun hutu a ciki tun yau.

An ba ni tafiyar minti 20, rana ɗaya a yi, rana ɗaya a huta, gudu kuwa sai likita ya sake gani. Maƙwabcina da ya ara mini sanduna, zan kawo maka su ranar Asabar in sha Allahu. Robar ƙasan ɗaya ta cinye, na sa sabuwa.