Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda Kasuwa Ta Biyo Mu Titin Gidan Zoo

Makon jiya mun tsaya a tarewarmu a Gandun Albasa, cikin 2011, ni da Abban yara da tukwanen da Umma ta jera min. A lokacin ko farashin attaruhu ban sani ba. Cefane aikin maigida ne, haka na taso na gani a gidanmu na cikin gari. Duk Asabar zai hau acaɓa ya tafi kasuwar 'Yankaba, can Titin Haɗeja, ya dawo da tumatir da tattasai da albasa. Ƙarshen wata ya shiga kasuwar Singa ya ɗauko shinkafa da taliya da mai. Abin da ya kawo shi zan dafa. In ya manta citta, to ranar miya ba citta.

Titin Gidan Zoo da ke bakin unguwarmu ba a san shi da kayan miya ba a lokacin. An fi saninsa da gidan namun daji na Audu Bako, inda yara ke cika ranar sallah, da ofisoshin 'yan fim, da manyan kantuna irin su Sahad da Jifatu, waɗanda ni dai ba na shiga sai in atamfa ce ta kai ni.

A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a Kano. Zuwa 'Yankaba ya koma adaidaita sahu biyu, wani lokaci uku, ga cunkoso. Abban yara ya jure 'yan watanni, sannan wata Asabar ya ajiye min kuɗi a kan madubi ya ce, "Akwai mai baro a kwanar layi, ki leƙa ki gani." Ba don ya waye ba ne, gajiya ce kawai, kuma har yau in na tuna masa sai ya yi dariya ya ce Allah ne ya yi.

Mai baron nan dattijo ne daga wajen Kura, shi ya koya min ciniki. Ranar farko ya faɗi kuɗin kashin tumatir, na miƙa masa ba musu. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, ba a haka. Ki taya, in ce albarka, ki ƙara, in sallama, sannan ki ce in yi miki gyara." Ya ɗebo attaruhu huɗu ya jefa a ledar. Kafin shekara ta zagayo baronsa ya zama tebur, tebur ya samu rumfa, wasu uku sun jeru kusa da shi, ɗaya da kabeji da karas da koren wake, ɗaya da alayyafo da zogale.

A 2014 aka buɗe Ado Bayero Mall, da Shoprite a ciki, titin ya cika da motoci. Mutane da yawa na cewa shi ya mayar da unguwar kasuwa. Ni a ganina jama'a kawai ya jawo. Waɗanda suka riƙe mata masu girki su ne ƙananan shagunan da suka riƙa tsirowa a lunguna: mai firiza da kaji da kifi, mai kayan ƙamshi da ke auna kori da kanumfari da masoro daidai kuɗinki, mai tukunyar gas da injin markaɗe. Bayan gobarar kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, wani da shagonsa ya ƙone ya kama wuri a layinmu, ya zuba robobi da faranti da kuloli. Ƙawayena na Hotoro da Kabuga da suka daina zumunci suka dawo da shi, amma kowace ta zo sai ka ga leda a hannunta, gaisuwar minti goma ce.

Shagon da ya canza min rayuwa na wata mata ne da muke kira Anti. Fulawa, bota, yis, bekin foda, gwangwanayen kek, takardar naɗe samosa. Akwai benci a ƙofar, kuma a bencin nan aka fi ciniki, domin ba wadda ke sayen yis ta tafi ba ta ji dalilin da ya sa fanken wance ya ƙi tashi ba.

Gab da azumin 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kadawa da kewaye. Dattijon Kura ya koma jera tumatir uku-uku kamar ƙwai. Anti ce ta ce mana, "Ku daina kuka. Ku jiƙa busasshen tumatir da ruwan zafi, ku haɗa da tattasai da karas da albasa mai yawa, ku soya shi sosai da 'yar kanwa." Na yi. Abban yara ya cinye ya nemi ƙari, bai san ba ɗanyen tumatir ko ɗaya a ciki ba.

Hajiya surukata ce kaɗai ba ta yarda da titin ba. Ta zo mana kwana biyu, na yi tuwon shinkafa da miyar kukar da na saya a ƙulle cikin leda mai tambari. Ta kai loma ɗaya ta ajiye.

"'Yar nan, wannan kukar daga ina?"

"Bakin titi, Hajiya."

"Na ji alama. Kukar da ba a shinshina ba kafin a biya, ai sai abin da hali ya yi."

Washegari ta sa aka kai ta Kasuwar Rimi, ta dawo da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa daga wajen matar da take saya tun kafin a haifi ɗanta. Na ji haushi a ranar, amma gaskiyarta ce. Har yau daddawata daga Rimi take zuwa.

Ana saura kwana uku azumi, ina zaune a bencin Anti, wata mata ta faka mota ta leƙo tana tambayar wadda za ta riƙa yi mata samosa hamsin kullum na shan ruwa. Anti ba ta ko dube ni ba ta nuna ni da yatsa ta ce, "Ga ta nan." Sau biyu kacal na taɓa naɗe samosa a rayuwata, kuma Abban yara bai san da zancen ba. Na karɓi kuɗin kafin alƙalami, na ƙulle a bakin mayafi. Yadda muka kwashe da shi a daren, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.