Godiya ga waɗanda suka tsaya wa Kawu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sabunta kwantiragin Kawu, mai kula da na'urorin ɗakin gwajin duwatsu da ruwa na sashenmu a nan Kumasi, har an ba shi yaro guda da zai koyi aiki a hannunsa. A madadin ɗaliban digiri na biyu nake wannan godiya.

Kuɗin tallafin da aka sayi na'urorin, daga ciki ake biyan albashinsa. Da tallafin ya ƙare, sai aka rufe ɗakin. Masu bayarwa sun fi son sayen ƙarfe, don shi ake liƙa wa suna a ɗauki hoto, albashi kuwa ba ya fitowa a hoto. Alhali na'urar ICP-MS, mai auna sinadaran da ke cikin samfur, ba injin markaɗe ba ce da kowa zai kunna. Iskar argon take sha, sai an daidaita ta da samfurin da aka san awonsa kafin a yarda da lambar da ta bayar, kuma in dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya buga tana cikin aiki, sai wanda ya san ta ne zai tashe ta lafiya. Kawu ne kuma ke goge dutse har kaurinsa ya koma maikron 30 (maikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), haske ya ratsa shi a ƙarƙashin madubi. Ni dai ban taɓa gwadawa ban fasa gilashin ba.

Ruwan kogin Offin nake bincike, inda galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya dama shi. Zaiba da arsenik ba a ganin su da ido. Ba don ku da kuka tsaya wa Kawu ba, da sai in aika samfur ƙetare in biya da dala, ni da ke lissafi da sidi.

Tsofaffin ɗalibanmu da ke aiki a Obuasi da Tarkwa, garuruwan haƙar zinariya, ku kuka fara zuba kuɗi, Allah Ya saka da alheri. Malamarmu da ta yi ta hawa da sauka da takardu har aka sa hannu, Allah Ya ƙara girma. Iyayenmu na unguwannin Aboabo da Asawase a nan Kumasi, musamman Hajiyoyin da suka ware wani abu daga adashi ba tare da sun taɓa ganin ɗakin ba, Allah Ya raya muku zuri'a.

Masu kawo samfurin ruwa, Kawu ya ce a rubuta wuri da rana a jikin kowace kwalba, in babu ba zai karɓa ba.