Baƙon da Muka Gayyato Ba Mu Karanta Littafinsa Ba

Shekara uku ke nan ina aikin sa-kai a wani ɗakin karatu na jama'a a nan Gusau, ni nake kula da zaman tattauna littafi da muke yi duk Asabar bayan La'asar. Har yau ziyarar marubuci ta farko da na shirya ba ta bar raina ba.

Daga Kano muka gayyato shi. Ya yi sammako, ya biyo ta Funtuwa da Tsafe, hanyar da kowa ya san ba a son yamma ta riski mutum a kanta. Ni kuwa na shirya abin kamar bikin ƙaddamarwa: babban teburi, shugaban taro, babban baƙo, uban taro, kowa da jawabinsa. Kafin lasifika ta iso hannun marubucin, saura minti ashirin ya kama hanya. Da aka ce a yi tambaya, ɗakin ya yi tsit. Can wani ɗalibi ya miƙe ya ce, "Malam, wace shawara za ka ba matasa?" Tambayar da za a iya yi wa ɗan kasuwa ko ɗan ƙwallo. Na ga yadda bawan Allah ya sunkuyar da kai ya shafa bangon littafinsa kafin ya amsa. Mu talatin da wani abu ne a ɗakin, waɗanda suka karanta littafin ba su wuce uku ba.

Laifin nawa ne, ba na mahalarta ba. Kwafi biyu muke da su, na kuma ɗauka za su zaga hannu su ishi kowa. Littafi kuwa in ya shiga gida, sai yaya ta karanta, ƙanwa ta karanta, maƙwabciya ta ara.

Wata malamar firamare da ba ta fashin zuwa ce ta ba ni mafita. Ta ce, "Malam, mu mutanen kunne ne. A ƙasar da ta haifi Ɗanƙwairo, wa ka ga ya haddace waƙa daga takarda? Ku karanta muna mu ji." Gaskiyarta. Iyayenmu mata da yawa ta rediyo suka san littattafan Hausa, suna tsinke zogale suna saurare. Sai muka koma karatu a bayyane: babi biyu kowane zama, mutum ɗaya na karantawa, a tsaya a yi musu, a ci gaba. Kwafi ɗaya ya wadatar da mutum ashirin. Wani tela da bai iya boko sosai ba ya zama wanda ya fi kowa riƙe labari, shi ke tuna mana abin da wance ta faɗa tun babi na uku.

Mako bakwai muka yi a kan littafin wata marubuciya kafin mu kira ta. Wannan karon babu babban teburi, kujeru muka zagaya da su, ta zauna a cikinmu. Ko gaisuwa ba a gama ba wata dattijuwa ta gyara mayafi ta ce, "Ɗiyata, don mi kika kashe yarinyag ga? Mi ta yi miki?" Marubuciyar ta yi dariya, sai kuma idonta ya kawo ruwa. Ta ce sau uku tana sake rubuta ƙarshen, tana neman hanyar da yarinyar za ta rayu, labarin ya ƙi. Telan ya ce bai yarda ba, ai da an kai ta asibiti tun daren farko, da ba ta mutu ba. Aka kaure da gardama har aka kira Magariba. Ban taɓa ganin marubuci ya ji daɗin a musa masa kamar ranar ba.

Akwai abin da na koya a makare: baƙo yana da haƙƙi a kanmu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya tashi, takarda ta yi tsada, marubuta da dama sun koma sayar da labarinsu ta WhatsApp. Ba daidai ba ne a taso mutum daga wata jiha a sallame shi da "Allah Ya saka da alheri" kawai. Yanzu karo-karo muke yi tun makon farko, mu biya kuɗin mota, mu sayi kwafi ko biyar ne daga hannunsa. Wanda hanya ta hana shi zuwa, mukan tara tambayoyinmu mu aika, ya amso da murya, mu kunna a zama na gaba.

Shi kuwa baƙonmu na farko, na kira shi watanni biyu da suka wuce na ba shi haƙuri. Muna babi na tara na littafinsa yanzu, kuma telan ya riga ya tanadi tambayoyi huɗu.