Daren da na haska katun ɗina a istiraha

Wata tara na yi ina zana fim ɗin da bai wuce minti 6 ba. Da rana ina shagon ɗab'i a nan Jidda, ina tsara katin biki da allon talla. Bayan Isha'i sai in buɗe Blender, manhajar zane a kwamfuta wadda kyauta ake sauke ta, in ɗora daga inda na tsaya jiya. Wanda bai taɓa yi ba zai ce minti 6 ai wasa ne. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, masu zanen hannu kuma sukan rage wa kansu wahala su zana 12, kowane ya fito sau biyu. Daƙiƙa 360 sau 12, zane 4,320 ke nan. Ban kai nan ba, don na yi ta maimaita wasu, a wasu wuraren kuma baki kaɗai ke motsi, amma idona ya faɗa mini.

Labarin gida ɗaya ne na jarumai. Uban yana ɗaga mota da hannu guda, yayar tana jin kuka daga ƙarshen gari, autan kuma yana tashi sama, ya ɓace wa ido in ya shafa kambun da ke damtsensa. Layar zana ke nan, na ɗauko ta daga hirar tsofaffi. Wani yaro ya ɓata a kasuwa yana kuka, sai su bazama neman gidansu. Akwai kuma kaka, wadda na saka don cike gurbi kawai, tana zaune kan darduma da carbi da kofin shayi.

Tun da aka sake buɗe sinima a ƙasar nan a 2018, bayan kusan shekara 35, yaranmu suka haukace da jarumai masu shawagi. Fim ɗin da aka fara da shi a Riyad ma na jarumai ne, Black Panther. To ni ma na so su ga jarumi mai irin hancinsu yana magana da harshen gidansu.

Ranar uku ga Ƙaramar Salla danginmu suka kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, a bayan gari, kamar yadda aka saba. An zo daga Makka, daga Shara Mansur da Misfala, wasu har daga Madina. Aka gasa tsire, wanda mutanen Hijaz suka ara suna ce masa "sire", kuma da yawansu sun san daga hannun kakanninmu ya fito. Na ari majigi wurin wani abokina. Da yake ɓangaren maza daban, na mata daban, sai aka ce a fara haska wa maza, sannan ƙanwata ta kai wa mata. Yara kuwa ba ruwansu da shamaki, duka biyun suka kalla.

Uban yana buɗe baki ya ce "Ina autan nan ya shiga?" ɗaki ya kece da dariya. Ba abin dariya na rubuta ba. Yaran nan, har da mu yayyensu, mun tashi ne da tashoshin katun na Spacetoon da MBC3, inda ko kyanwa Larabcin littafi take yi. Jin katun yana Hausa irin ta tsakar gida ya zame musu kamar akuya ta yi sallama. Kusan minti guda suna birgima a kan kafet suna maimaita maganar, a cikin mintin nan ne kuma na zuba duk bayanin waye wa. Ya bi iska. Ga lasifikar da na zo da ita ƙarama, ga na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani. Na sa fassarar Larabci a ƙasa saboda yaran da Hausarsu ta yi rauni, na manta cewa masu raunin sosai su ne waɗanda ba su fara karatu ba.

Sai aka zo wurin da nake alfahari da shi: autan yana shawagi a saman rufin gidaje da dare, daƙiƙa 40, zane wajen 480, mako bakwai na rayuwata. Bangon istirahar ba fari ba ne, ruwan madara ne, kuma ba wanda ya yarda a kashe fitilar baya saboda dattawa. Daren da na zana ya koma toka. Wani yaro ya tambaya da Larabci ko majigin ya lalace. Wani ya tashi neman sambusa. Ina tsaye a bayan ɗaki ina jin zufa tana bin gadon bayana.

Jarumai dai suka dawo hannu rabbana, ba su gano gidan yaron ba. Kaka ta ajiye kofinta, ta dube shi ta saman tabarau.

"Kai, ɗan gidan wa ne?"

Ya faɗa.

"Wace ce kakarka ta wajen uwa?"

Ya faɗa.

"Wadda mijinta ya zo ta Sudan, yake ɗinkin hula?"

Ya gyaɗa kai. Ta ce a kai shi lungu na biyu bayan masallaci, ƙofa mai shuɗin fenti, a kuma gaishe mata da mutanen gidan.

A kwana biyu na zana wannan wurin, kakar ma ko tashi ba ta yi. Amma nan ne dattawa suka ajiye gahawa. Wani ya buga cinya ya ce wallahi Goggo ce, wani ya ce a'a, Hajiyarsu ce sak. Tsohon da tun ɗazu yake gyangyaɗi ya farka ya soma ba da labarin yadda mahaifinsa ya shekara bakwai a hanya, ya bi ta Fort Lamy (N'Djamena ta yau) da El Obeid ta Sudan yana noma yana tara guzuri, kafin ya hau jirgin ruwa a Suwakin. Sai da na tsayar da fim ɗin ya gama. Ƙanwata ta ce a ɓangaren mata har guɗa aka yi, aka sa ta mayar da wurin baya sau uku. Yaran ma, da ba su kama rabin maganar ba, sun gane tambayar, don ba wanda ba a taɓa tsare shi da ita a gidan suna ba.

Abin da na shirya wa amsa tun daga gida shi ne zancen hukuncin zanen mai rai a addini. Ba wanda ya ɗaga shi. Bayan an watse ne Kawu ya kira ni gefe, ya riƙe hannuna.

"Ɗana, Allah ya yi albarka, aiki ya yi. Amma wannan abin da ka ɗaura wa yaron a damtse fa?"

Na ce, "Kawu, ai na tatsuniya ne, ba wanda zai ɗauka da gaske."

Ya ce, "Kai ka san tatsuniya ce. Ɗan shekara biyar ya ga an shafa laya an tashi sama. Gobe a makaranta malam ya ce masa rataya laya shirka ce. Wa zai gaskata?"

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Na so in ce ai jaruman Amurka ma gizo-gizo ke cizon su su samu ƙarfi, ba wanda ya ce uffan. Da na kwana da maganar sai na ga bambancin: ba mai zuwa neman gizo ya cije shi, laya kuwa abu ce da mutanenmu suka sani, wasu ma sun taɓa ganinta a akwatin kakansu. Uban da ke ɗaga mota bai dami Kawu ba ko kaɗan, don ban nuna inda ya samo ƙarfin ba. Na bi zanen ɗaya bayan ɗaya na goge kambun, na bar yaron yana tashi haka kawai. Mako biyu ya ci mini, kuma har yanzu wani ɓangare na zuciyata yana kewarsa, don shi ne abu mafi Hausa a jikin yaron.

Sauran gyaran ba su da wuya. Na tura bayanin farko zuwa bayan dariya, na bar daƙiƙoƙi na shiru a duk inda na san za a yi hayaniya, na mayar da daren ya zama magariba, na rage shawagin zuwa rabi. Yanzu kuma kafin in ce na gama wani wuri, sai na haska shi a bangon falo fitila a kunne, 'ya'yan yayata suna tsalle a gabansa. Kashi na biyu da nake rubutawa, kaka ce ke da rabin maganar.

Kakata ta gaske ba ta je istiraha ba saboda ƙafa. Na kai mata a waya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ta kalla ba ta yi ko murmushi ba, ta miƙo mini wayar.

"Wannan tsohuwar ni ce?"

Na ce, "Hajiya, kama ce kawai."

Ta ce, "To ka gyara. Ni ban taɓa kai wa tambaya ta uku ba."