Ranar da kunya ta hana ni cewa a fasa sauka

Ƙannena da kuke shirin shiga aikin tuƙin jirgin sama, ko kuka riga kuka hau kujerar dama ta mataimakin matuƙi, zan ba ku labarin wata yammacin farkon damina da na kusa jawo mana asara a filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai, ba don rashin sani ba, sai don na san abin da ya kamata in faɗa amma na haɗiye shi.

Daga Tawa muka taso a cikin jirgi mai farfela biyu. Wanda ya san daminar ƙasar nan ya san cewa iskar ƙasa takan taso ne daga kudu maso yamma, shi ya sa aka ba mu titi na 27, wanda ake sauka a kansa ana fuskantar yamma. Hadarinmu kuwa daga gabas yake fitowa, kuma kafin ɗigon ruwa ya taɓa ƙasa yakan turo iska mai sanyi a gabansa, wadda ke tayar da jan bangon ƙurar nan da mutanen Yamai suka saba gani yana rufe gari. Mun ga bangon a bayanmu, muka yi lissafin cewa za mu riga shi isa.

Muna kimanin ƙafa 500 daga ƙasa iskar ta cim mana. Nan take ta juya daga gabanmu ta koma bayanmu, gudun da ma'auni ke nunawa ya faɗi, jirgin ya fara nitsewa. Kwamandan, wato babban matuƙin, ya ƙara wuta, sai muka koma sama da inda ya kamata, ga iska tana tunkuɗa mu. Ƙa'idar da na hardace tun ina makaranta ba ta da wata kwana: idan jirgi bai daidaita ba a ƙafa 1000 cikin gajimare ko hazo, ko a ƙafa 500 idan ana ganin titi, to a fasa sauka, a hau, a sake shiri. Yawancin jirage ma ba a yarda su sauka ba idan iskar baya ta wuce kusan kilomita 18 a awa, tamu kuwa ta wuce haka nesa. Kalmar da ake jira daga bakina ita ce "remiz de gaz", wato a fasa sauka, kamar yadda muke faɗa da Faransanci a bakin aiki. Abin da na iya furtawa kawai shi ne, "Kwamanda, kamar iska ta juya."

Mutumin sa'an mahaifina ne, ya yi tuƙi tun kafin in shiga firamare, kuma a gidanmu ba a koya mini gyara wa babba magana ba. Jirgin ya yi ta shawagi a saman kwalta ya ƙi zama, ƙafafunsa ba su taɓa ƙasa ba sai da muka wuce tsakiyar titi, muka danne birki har taya ɗaya ta fashe. Tsawon titin Yamai ne ya rufa mana asiri, da ikon Allah. Da a gajeren titi irin na Tawa ne, da cikin daji za mu tsaya.

Bayan fasinjoji sun fita, dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, da ka faɗa da na tashi. Ni ma ina cikin shakka, na ji ka yi shiru, na ɗauka ka ga abin da ban gani ba." Wannan magana ta fi fashewar tayar yi mini zafi. Ashe shirun da na ɗauka ladabi ne, shi ya karanta shi a matsayin amincewa. Don haka ku faɗi kalmar cikakkiya, da murya mai ƙarfi, ba tare da "kamar" ko "wataƙila" ba, domin a wannan tsayin daƙiƙoƙi kaɗan ne tsakaninku da ƙasa. Ku tuna jirgin Sosoliso da ya faɗi a Fatakwal ranar 10 ga Disamba 2005, inda mutum 108 suka rasu, da yawansu ƴan makaranta: matuƙan sun gangaro ƙasa da iyakar da aka yanka musu cikin hadari ba su ga titi ba, kuma lokacin da suka yanke shawarar hawa, lokaci ya riga ya ƙure.

Kuskurena na biyu na yi shi ne bayan na zama kwamanda, kuma ya nuna mini cewa yanke shawarar fasa sauka rabin aikin ne. Wani dare na'ura ta yi kukan gargaɗin sauyin iska, na tura wuta gaba ɗaya kamar yadda ya dace, amma saboda sabo na ba da umarnin a naɗe ƙafafun jirgi. Mataimakina, Allah ya saka masa, ya ƙi, ya tuna mini cewa a cikin irin wannan iska ba a taɓa ƙafafu ko fukafukai sai an tabbatar an fita daga cikinta. Sannan na ji a jikina kamar hancin jirgin ya miƙe sama fiye da kima, hannuna ya so ya danna shi ƙasa, alhali ma'auni yana nuna komai daidai. Ruɗi ne na cikin kunne, wanda saurin ƙaruwar gudu ke haifarwa idan ido ba ya ganin ƙasa. A Rostov ta ƙasar Rasha, ranar 19 ga Maris 2016, wani Boeing 737 na Flydubai ya fasa sauka karo na biyu saboda iska, matuƙin ya rikice ya danna hancin ƙasa, mutum 62 da ke ciki suka rasu. A irin wannan lokaci ku gaskata ma'auni, ku ƙaryata jikinku, kuma ku maimaita matakan hawan da baki tun kafin ku fara gangarowa.

Sai batun mai, wanda shi ne ke sa mutum taurin kai. Wanda ya san tankinsa ya yi ƙasa zai ga kowace iska a matsayin wadda za a iya jurewa. Man minti 30 na ƙarshe da doka ta tanada ba na kewaye ba ne, ba ya cikin lissafi. A watannin damina nakan ƙara mai tun daga ƙasa, in kuma yanke tun muna sama adadin da idan muka kai shi za mu juya Wagadugu ba tare da muhawara ba. Hadarin gabas yakan wuce filin cikin ɗan lokaci, saboda haka mai isasshen mai yakan jira a gefe ya sauka lafiya bayansa.

A daren nan da mataimakina ya hana a naɗe ƙafafu, sau ɗaya muka gwada, muka kewaya kusan minti 40 a yammacin kogin Isa, sannan muka sauka a kan jiƙaƙƙen titi. Wani alhaji yana fita ya tsaya a ƙofa ya tambaye ni ko hanya ce ta ɓace mini.